Safranbolu ba garin leƙe ta tagar mota ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi wa 'yan uwa masu zuwa Turkiyya bayani kan wani tsohon gari da ake yi wa gaggawa. Sunansa Safranbolu, yana lardin Karabuk, a arewacin ƙasar, ɓangaren Baƙin Teku. Tun da Jami'ar Karabuk, wadda aka kafa a 2007, ta buɗe ƙofa ga ɗaliban Afirka, mutanenmu daga Najeriya da Nijar da Cadi suka yawaita a yankin. Iyaye kan zo bikin kammala karatu, ɗan kasuwar da ya sauka Santambul saro kaya shi ma yakan lallaɓa ya duba yaro. Tsakanin Karabuk da Safranbolu kimanin kilomita 10 ne kacal, don haka kusan kowa sai an kai shi. To amma kai shi ɗin da ake yi shi ne abin duba: a sauke mutum a dandali, ya ɗauki hoto, a tura shi shagon alewa, a mayar da shi mota. Wanda aka yi wa haka bai ga Safranbolu ba. Garin da ƙafa ake karanta shi, daga sama zuwa ƙasa, tare da ɗan jagora mai lasisi, kuma yana cin awa uku zuwa huɗu in ana so a yi abin kirki.

Da farko mu gyara wani ruɗani. In an ce garin na zamanin Daular Usmaniyya ne, ana nufin ta sarakunan Santambul, ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba. Safranbolu zangon fatake ne a kan hanyar da ta haɗa Santambul da gaɓar Baƙin Teku, tun daga ƙarni na 13 har zuwa shigowar jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20. Tsohon masallacinsa da tsohon gidan wanka na 1322 ne, kafin ma Usmaniyawa su karɓi garin. Arzikinsa ya kai ƙololuwa a ƙarni na 17 da na 18, lokacin da jima da dukanci da ƙira suka bunƙasa, wasu 'ya'yan garin kuma suka samu manyan muƙamai a fada suka riƙa aiko da dukiya gida. Abin da ya cece shi daga rushewa kuwa koma-baya ne. A 1937 aka aza harsashin masana'antar ƙarfe a Karabuk, aiki da kuɗi da sabbin gine-gine suka koma can, aka bar tsohon garin a kwarinsa ba mai kuɗin da zai rushe gidan kakansa ya gina bene na siminti. Da aka farga da darajarsa a shekarun 1970 aka sa masa dokar kariya, sannan UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994.

Daga Ankara bas tana ɗaukar kimanin awa uku, daga Santambul kimanin awa shida. Kuskuren farko a nan yake faruwa: bas ba ta shiga tsohon garin. A sama take saukewa, wajen unguwar Kirankoy, inda mutum zai ga benaye da bankuna ya ce ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Sai an hau ƙaramar bas da suke kira dolmush, ko tasi, an gangara kamar kilomita 2 zuwa Carshi, wato unguwar kasuwa. A allon mota za a ga an rubuta Çarşı ko Eski Çarşı. Garin unguwa uku ne a asali. Carshi tana cikin kwari, duwatsu sun kāre ta daga iskar hunturu, nan ake zama lokacin sanyi. Baglar tana kan tudu cikin lambuna da gonakin inabi, masu hali suna da gida na biyu a can da suke ƙaura zuwa gare shi in zafi ya shigo. Kirankoy kuwa ita ce unguwar Girkawa Kirista har zuwa musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka ta 1923, kuma cocinsu shi ne babban masallacin unguwar a yau. Duk ɗan jagoran da bai fara da wannan rabe-rabe ba, to bai aza tubalin farko ba.

Maganar ɗan jagora tana buƙatar tsayawa. A Turkiyya sana'a ce mai doka, tun dokar da aka yi mata a 2012. Mai lasisi yana rataye da kati a wuya, da hotonsa da harshen da aka amince ya yi aiki da shi. A nemi ganin katin, ba rashin kunya ba ne, su ma sun saba. Masu Turkanci da Turanci su ne suka fi yawa. Wanda ke son Faransanci ko Larabci ya nema ta hannun masaukinsa ko ofishin yawon buɗe ido kwana biyu ko uku kafin ranar. Kafin a ɗaga ƙafa a yi magana a kan abu huɗu: awa nawa ne, ta ina za a bi, kuɗin shiga gidajen tarihi a wuyan wa yake, kuma za a tsaya sallah a ina. Kuɗin na ayari ne gaba ɗaya ko na kowane kai, a tantance shi ma, domin nan ake samun saɓani a ƙarshe. Yawon da aka ce kyauta ne ko mai arahar da ta wuce hankali, yawanci la'adar shaguna ce ke biyan kuɗinsa. Alamarsa ba ta ɓuya: minti biyar a masallaci mai shekara ɗari uku da hamsin, rabin awa a shagon alewa. Ayarin da ya wuce mutum goma sha biyu ma wahala ce, saboda lungunan matsattsu ne, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, kuma ɗakunan tsoffin gidajen ba sa ɗaukar taro.

A fara daga tudun Hidirlik, da safe, kuma a hau shi da mota in akwai dattijai, domin abin da ya rage kusan duk gangara ce sai babban hawa ɗaya a ƙarshe. Masu farawa daga dandali suna ƙona ƙarfinsu a hawa tun kafin su ga komai. A kan tudun akwai filin sallah marar rufi da wasu kaburbura, amma abin da ya kawo mutum shi ne kallon garin gaba ɗaya. A tsaya minti goma sha biyar a lura da abu biyu. Na ɗaya, gidajen sun hau jikin tudu daki-daki, kowanne ya ɗan karkata, ta yadda babu wanda ya tare wa maƙwabcinsa rana ko kallo. Na biyu, a bi rafukan da ido. Akcasu da Gumush suna ratsa kwarin su haɗu a ƙasan gari, kuma duk tsarin sana'o'in garin ruwan nan ya bi. Can tsallake, a kan wani tudun, ana hango babban gini mai launin rawaya da hasumiyar agogo. Nan za a ƙare.

Ana gangarowa kaɗan sai gidan Kaymakamlar, wanda aka mayar gidan tarihi. Nan ya kamata a zauna sosai, domin wanda ya fahimci gida ɗaya ya fahimci sauran ɗaruruwan. Hawan ƙasa na dutse ne, kusan ba taga, an daɓe shi da duwatsu. Dabbobi da itacen girki da hatsi a nan ake ajiye su, mai wucewa a lungu kuma ba ya ganin komai na cikin gida. Daga nan zuwa sama ƙashin ginin katako ne: a kafa ginshiƙai a giccia wasu a tsakani, a cike ramukan da tubalin ƙasa, a yaɓe, a shafe da farar ƙasa. Ginin ba shi da nauyi, yana kuma ɗan lanƙwasawa maimakon tsagewa, abin da ke da amfani a yankin da ke kusa da layin girgizar ƙasa na arewacin Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya. Hawan tsakiya rufinsa gajere ne, don ɗakin ya yi saurin ɗumi a hunturu. Hawan sama ya fi tsayi da iska, kuma yana turo ƙirji ya fito kan lungu, an tallafe shi da karkatattun sanduna daga ƙasa. Wannan turowa ba ado kaɗai ba ce. Filin da ke bin lungu mai lanƙwasa ba ya zuwa da kusurwa huɗu daidai, sai magini ya gyara siffar ɗakin a sama, ya kuma samu tagogin gefe da ake hango lungun dama da hagu. A tagogin akwai ragar katako, na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki.

Kowane ɗaki gida ne mai zaman kansa, saboda uba da 'ya'yansa masu aure duk a rufi ɗaya suke. Akwai murhu a bango, akwai dakalin katako mai shimfiɗa da ya bi ƙarƙashin tagogi, akwai kabad da aka gina a jikin bango inda ake naɗe katifa da bargo da safe. A ce wa ɗan jagora ya buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarshe ya ɗaga katakon ƙasansa. Makewayin wanka ne a ɓoye, daidai zaman mutum ɗaya, da ƙaramar hanyar da ruwa ke fita. Ma'aurata su yi wankansu ba tare da sun ratsa tsakar gida surukai na kallo ba. Manyan gidajen an raba su biyu, ɓangaren baƙi maza da suke kira selamlik da ɓangaren iyali, haremlik, kamar dai zaure da cikin gida a wajenmu. A bangon da ya raba su akwai wani kabad mai juyawa a kan sanda, buɗe ta gefe ɗaya. Uwargida ta sa akushi ta juya shi, abinci ya ɓulla a wancan ɓangaren, ba wanda ya ga wani. A wasu ƙofofin waje kuma za a nuna maka maƙwanƙwasai biyu, babba mai kaurin sauti na maza da ƙarami na mata, don na ciki ya san wa zai tura ya buɗe. Kafin a fita a ɗaga kai a dubi silin, domin a nan masassaƙan suka fi zuba gwaninta, mutane kuma sun fi mantawa da shi. A ƙofar shiga ana ba da leda a sa a kan takalmi, kada a ƙi, tsohon katako ba ya son tsakuwa.

Lungunan da kansu abin lura ne. An daɓe su da duwatsu, an karkatar da gefe biyu zuwa tsakiya, don ruwan sama ya bi tsakiyar hanya ya gangara rafi ba tare da ya jiƙa gindin bango ba. Amfaninsa ga mai tafiya shi ne, in an yi ruwa a bi gefe. Duwatsun sun sha ƙafa sun yi sulɓi, kuma abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne takalmin fata mai sumul a ƙasa da silifa da takalmi mai tsini. A sa kambas mai ƙasan roba. Mai babbar riga ko doguwar abaya ya tattare ta a gangara, hannu ɗaya kuma ya zama ba kaya. Akwati mai taya ba ya tafiya a kan wannan daɓe, tayar ce ke karyewa, don haka mai kwana a tsohon gari ya bar babban akwati a Karabuk ya zo da jakar goyo. Akwai ƙananan motoci masu batir da ke zagayawa da baƙi. Ga tsoho ko mai ciwon gwiwa sun yi, amma ba sa shiga gida kuma ba sa tsayawa inda ya kamata.

A tsakiyar kasuwa akwai Jinji Han, wanda a allo ake rubutawa Cinci Han, masaukin fatake na 1645. Wanda ya gina shi, Husaini Efendi da aka fi sani da Jinji Hoja, ɗan garin ne da ya samu shiga wajen Sarki Ibrahim na Santambul ta hanyar yi masa magani da addu'o'i, har ya kai babban muƙamin alƙalanci ya tara dukiya mai yawa. Da aka tuɓe sarkin a 1648 aka ƙwace dukiyar, shi ma bai tsira da ransa ba. Ginin na dutse ne, hawa biyu, ɗakuna sittin da 'yan kai sun kewaye tsakar gida, ƙofa guda ce babba da ake rufewa da dare. A hau sama a ga yadda kowane ɗaki ke kallon tsakar gidan, ta yadda bafatake na iya hango kayansa daga bakin ƙofa. Gidan wankan da ya gina a lokaci guda yana nan yana aiki har yau, ɓangaren maza daban, na mata daban.

Daga nan a bi gangara zuwa masallacin Izzet Mehmed Pasha na 1796. Shi ma ɗan garin ne, ya yi babban waziri a zamanin Sarki Salim na Uku. Yawancin baƙi suna shiga su fito ba su san cewa a kan rafi suke tsaye ba. A zagaya ta bayansa a leƙa ƙasa, za a ga an ɗora ginin da harabarsa a kan bakunan dutse, ruwan Akcasu na wucewa ta ƙarƙashi. A gefen rafin nan maƙera suke, har yanzu akwai masu hura wuta suna ƙera makullai da maƙwanƙwasan ƙofa, ga masu ƙirar tagulla kusa da su. Yanzu abin da aka hango daga tudu zai fito fili. Sana'a mai tsabta da tsada tana tsakiya kusa da manyan masallatai, masu wuta da hayaniya an matsar da su bakin ruwa saboda gari na katako ba ya wasa da gobara, majema kuma an kai ta can ƙasa inda rafukan biyu suka haɗu, don wari da ruwan jima su bar gari maimakon su ratsa shi. Masu yawon gaggawa ba sa kaiwa majemar, alhali fata ita ce ta ciyar da dukawa da masu sirdi da masu akumari da masu takalmi.

A dawo sama ta masallacin Koprulu Mehmed Pasha, wanda aka buɗe a 1661, kuma nan ya fi dacewa a tsara sallar azahar ta riske ayari. Akwai wurin alwala a harabar, akwai agogon inuwa a kan dutse da ake gane lokaci da shi. Banɗakunan masallatai da na kasuwa wasu ana biyan 'yan kuɗi, a riƙe canji, kuma Bay na maza ne, Bayan na mata. Jikin masallacin akwai kasuwar masu takalmi, shaguna 48 na katako da suka kewaye ɗan fili mai inuwar inabi. A da takalmin fata marar tsini da ake kira yemeni ake ɗinkawa a nan, yanzu tsaraba ta cinye yawancin shagunan. Wuri ne mai daɗin zama a sha shayi kafin hawan ƙarshe. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, ya kai ga tsohon gidan gwamnati na 1904, wanda ya ƙone a 1976 aka gyara shi ya zama gidan tarihin gari, da hasumiyar agogon da Izzet Mehmed Pasha ya gina a 1797, agogon da har yau da hannu ake murɗa shi. Wasu gidajen tarihi a Turkiyya ba sa buɗewa ranar Litinin, a tambaya tun da wuri. Asabar da Lahadi da hutun sallah kuwa mutanen Ankara da Santambul kan cika garin maƙil, gara tsakiyar mako.

Saye a bar shi sai an gama. Za'afaran da garin ya yi suna da shi ana noma shi ne a ƙauyukan kewaye, irin su Dabutobasi, kuma furensa mai ruwan shuni yana fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Kowane fure zare uku ja kawai yake bayarwa, ana cire su da hannu, sai an tara furanni wajen 150,000 kafin a samu kilo ɗaya busasshe. Shi ya sa da giram ake sayar da shi. Duk wanda ya miƙo maka babbar leda cike a farashin barkono, furen wata shuka ce da ake kira aspir, ko kuma kurkur in gari ne. Kada a sayi niƙaƙƙe. Zaren gaskiya ja ne mai duhu, bakinsa ɗaya ya ɗan buɗe kamar kakaki. A jefa biyu ko uku a ruwan ɗumi, na gaske a hankali yake sakin launin rawaya kuma zaren ya tsaya da jansa, wanda aka rina nan take yake juya ruwan ja ya koɗe. Alewar lokum ta garin ba ta kai ta sauran wurare zaƙi ba, a ɗanɗana kafin a saya, kuma a sa a yanko daga wadda ke kan faranti a auna a gabanka, domin kwalin da aka riga aka naɗe wani lokaci rabinsa garin sukari ne. Tsohon kuɗi da tsohuwar takarda da duk abin da aka ce an haƙo shi daga ƙasa a guje musu, dokar Turkiyya ta hana fitar da kayan tarihi kuma a filin jirgi ake kama mutum.

Gadar ruwa ta Injekaya, mai tsawon mita 116 da bakuna shida a kan kwazazzabon Tokatli, wadda Izzet Mehmed Pasha ya sa aka yi don kawo wa garin ruwa, tana wajen gari, haka ma ƙauyen Yoruk mai irin waɗannan gidaje. Ba sa cikin yawon ƙafa, sai da tasi, kuma cusa su a rana ɗaya da Carshi shi ke sa a yi wa komai shafar mai. A ba su safiyar washegari. Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa farkon Nuwamba. A hunturu ƙanƙara na sauka, daɓen ya daskare, rana kuma ta faɗi da wuri, don haka mai zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu ya fara da ƙarfe goma na safe in ƙanƙarar lungu ta ɗan saki, ya kuma sauko daga tudun agogo kafin la'asar ta yi sanyi.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu masu karanta jaridarka daga Karabuk, Turkiyya